Mai Ƙasa da Mai Aro: Tarihin Zama a Ƙasar Dandi

Tunuga tana can ƙuryar kudancin Nijar, cikin gundumar Gaya ta jihar Dosso, daidai inda kogin Kwara yake barin ƙasar ya faɗa Najeriya. Ƙetaren ruwa Benin ce, gabas kuwa jihar Kabi ce, ga Kamba ga Dole Kaina. Rukunin gidajen da gwamnati take ginawa ta ba jama'a haya abu ne na manyan birane, na Yamai da Kano da Sakkwato. Amma damuwar da ɗan haya yake kwana da ita a waɗannan biranen, wato har yaushe zai zauna kuma wa ke da ikon tashinsa, ta girmi kowace gwamnati a wannan yanki. Mai noma gonar aro ya san ta, baƙon da aka nuna wa wurin kafa bukka ya san ta, mai shinkafa a filin ban-ruwa na gwamnati ma ya san ta. Sarakai da Turawa da shugabannin ƙasa duk sun taɓa wannan magana, kowa ya yi hukuncinsa ya wuce, kuma kusan kullum mai aro ne aka bari a baya.

Kafin 1804: masu sara da masu sarauta

Abin da ake faɗa a Gaya shi ne Kyangawa, waɗanda ake kira Canga, su ne suka fara sare dajin wannan yanki. Labarin baka yana ambaton wani Kokowa Monzon a matsayin wanda ya kafa Gaya, ya kuma ce daga baya ne 'ya'yan sarauta masu danganta kansu da Askiyoyin Sanwai suka iso, cikinsu har da Samsu Beri, aka yi sulhu a kan baƙi su riƙe sarauta, 'yan ƙasa su riƙe ƙasa da al'adunta. Wannan zancen kakanni ne, kuma kowane gida yana da yadda yake jera shi. Abin da tarihi ya rubuta shi ne a 1591 sojojin Maroko suka karya daular Sanwai a Tondibi, ragowar gidan Askiya suka gangaro kudu zuwa Dandi, Askiya Nuhu ya ci gaba da yaƙi daga nan. A wancan ƙarni kuma Kabi ta Kanta tana da ƙarfi daga gabas. Yankin ya tashi ke nan tsakanin manyan ƙasashe biyu, kuma mutane ba su daina shigowa ba: Hausawa, Zabarmawa, Fulani, masunta, fatake.

Ga kuma gishiri. Kwarin Foga, wanda yake gangarowa ya haɗu da kwarin Mawri kafin ya kai kogi, yana janyo mutane kowane rani. Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa Foga a 1853 kan hanyarsa daga Gwandu zuwa Say, ya ga ƙauyukan masu gishiri a kan tuddan da suka taru daga ƙasar da aka tace aka zubar. Wurin da baƙi suke yawa haka dole ne ya kasance da ƙa'idar karɓar baƙo.

Ƙa'idar kuwa sananna ce a duk ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Wanda ya sari daji shi ne mai gona, 'ya'yansa su gada. Baƙo in ya zo, sai ya sauka wurin wani, mai masaukinsa ya kai shi gaban mai gari, a nuna masa fili. Ginin nasa ne, ƙasar da ke ƙarƙashi ba tasa ba ce. Ranar da ya tashi yana iya kwashe azararsa da ƙyaurensa, kangon kuma ya koma hannun wanda ya ba shi. Gona ma haka. Ana ba shi aro ba tare da an yanka wa'adi ba, in kaka ta yi ya kai dame ɗaya ko biyu na gero ƙofar gidan mai ƙasa. Wannan dame bai kai kuɗin haya ba, kuma ba don cika rumbu ake karɓarsa ba. Shaida ce da ake sabuntawa kowace shekara a idon jama'a, cewa gonar tana da mai ita. Saboda haka ne mai aro ba ya dasa itace, ba ya gina rijiya. Gero wata uku ne ya tafi, amma mangwaro ko rijiya suna nan bayan shekara talatin, lokacin da dattawan da suka shaida aron duk sun kwanta dama, sai jikan mai aro ya nuna su ya ce ga hannun kakansa.

Tsarin yana da kirkinsa, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Muddin daji yana nan, abin kunya ne a tashi mutum daga gonar da yake ci da iyalinsa ba da wani laifi ba, kuma akwai gidajen da suka yi zuriya uku a kan aro ba wanda ya ce musu uffan. Sai dai duk wannan kwanciyar hankali a kan kunyar mai ƙasa take da yalwar daji. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya ƙare, mai aro ba shi da ta cewa.

1804 zuwa 1898: Gwandu da Kabi

Jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya fara a 1804, Birnin Kabi ta faɗi a 1805, yammacin daula kuma ya zama rabon Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, da hedikwata a Gwandu. Abdullahi ya rubuta wata taƙaitacciyar risala kan yadda ake mallakar matacciyar ƙasa, Ta'alimur Radi, wadda ko Turawan Ingila da suka zo daga baya sun koma gare ta. Fiƙihun Malikiyya da ya dogara a kai yana cewa wanda ya raya matacciyar ƙasa ta zama tasa, in tana kusa da gari sai da izinin shugaba, kuma rayawar tana tabbata da abubuwa irin su tono ruwa, gini, dasa itace da sare daji. A nan littafi da al'ada suka haɗu: abubuwan da shari'a ta ɗauka a matsayin hujjar mallaka, irin su rijiya da itace, su ne ainihin waɗanda al'ada ta hana mai aro yi.

Ikon Gwandu a Dandi bai zauna lafiya ba. A 1849 Yakubu Nabame ya ta da Kabi daga Argungu, Zabarmawa da Arawa da Dandawa suka mara masa baya, aka shiga shekarun yaƙi da hari, ban da ɗan numfashin Lafiyar Toga da aka ƙulla wajen 1867. Abin da yaƙi ya yi wa ƙasa shi ne ya watsa mutane. Gari ya tashi ya koma inda akwai ganuwa, gonaki suka koma daji, wasu suka zo suka sake sarewa. Rigingimun gona da yawa da ake yi har yau, inda gida biyu kowa yake cewa kakansa ne ya sara, tushensu yana cikin waɗannan shekaru, kuma sau da yawa dukansu gaskiya suke faɗa.

1898 zuwa 1960: iyaka da takarda

Ranar 14 ga Yuni 1898 Faransa da Ingila suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta raba wannan yanki, aka sake gyara layin a 1904 da 1906. Ilo ta faɗa hannun Ingila, Gaya ta faɗa hannun Faransa. Dangi ɗaya, harshe ɗaya, suka wayi gari ƙarƙashin dokar ƙasa iri biyu.

Faransawa sun zo da ra'ayin cewa mallaka ita ce wadda aka rubuta a rajista. Dokarsu ta 1904 ta ce duk ƙasar da babu kowa a kai kuma ba ta da mai ita ta gwamnati ce. Ta 1906, wadda aka sabunta a 1932, ta kafa rajistar filaye da takardar mallaka. Manomin Dandi bai san hanyar wannan ofis ba, kuma gonar da ya bari ta huta shekara biyar, ko makiyayar da dabbobi suke bi, tana iya zama marar mai ita a idon baturen mulki. Sai a 1955 aka juya maganar, aka ce gwamnati ce za ta kawo hujjar cewa fili ba na kowa ba ne. Shekara biyar kacal ta rage musu a lokacin.

Abu biyu ne suka fi taɓa talaka. Na farko, hana bauta a 1905. Waɗanda aka 'yanta da yawa ba su da inda za su, suka ci gaba da noma gonakin da suke nomawa, yanzu da sunan aro, suna kai dame. Na biyu, sarakunan kanto da Faransa ta ɗora wa tara haraji da ɗibar mutane aikin tilas. Sarkin da yake riƙe da littafin haraji kuma yake yanke shari'ar gona, ba wuya dajin gari ya zama dajin sarauta a hannunsa. A ƙetaren iyaka kuwa Ingila ta bi wata hanya: bayan kwamitin bincike na 1908, dokar 1910 ta sa duk ƙasar Arewacin Najeriya ƙarƙashin ikon gwamna, a matsayin amanar 'yan ƙasa. A aikace sarakuna da hakimai da dagatai ne suka ci gaba da rabo.

1960 zuwa 1987: Diori da Kunce

Gwamnatin Diori Hamani ta fara da masu aro tun kafin a sauke tutar Faransa. Ranar 25 ga Mayu 1960 aka yi dokar hana karɓar ushirar gona, a Maris na 1962 kuma aka yi wadda ta soke gatan sarakuna a kan gonakin sarauta, ta bar su ga masu noma su. Niyya mai kyau ce, amma doka tana Yamai, mai aro kuwa yana zaune ƙofa da ƙofa da mai ƙasa. Da yawa sun ci gaba da kai damensu don a zauna lafiya.

Seyni Kunce ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ƙasa tana fita daga babban fari. Ranar 18 ga Disamba ta wannan shekara, ranar bikin jamhuriya, ya yi jawabin da manoman Nijar ba su manta ba: daga ranar, duk gonar da mutum yake nomawa, ta kowace hanya ya same ta, ta zauna a hannunsa. Ba a taɓa yi wa mai aro alkawari mai girman wannan ba. Ba a mai da shi cikakkiyar doka ba, ya tsaya a matsayin maganar shugaba, kuma tsoron shugaban ne ya riƙe shi.

Sakamakon ya zo iri biyu. Waɗanda suke cikin gona a ranar sun sami sauƙi, wasu suka daina kai dame, wasu suka dasa itace. Waɗanda suka zo neman aro bayan ranar kuwa sun tarar da ƙofa a rufe. Mai ƙasa ya koyi darasi: ko ya ƙi bayarwa, ko ya ba da ta damina ɗaya, badi ya sauya wa mutum wuri don kada ya daɗe har ya yi saiwa. Mai irin wannan aro ba zai kai taki ba, tunda wani ne zai ci amfaninsa. Da Kunce ya rasu a Nuwamba 1987, magadan masu ƙasa suka taso da tsofaffin da'awoyi, gonakin da aka ɗauka magana ta ƙare suka koma gaban sarki da alƙali. A ganina wannan shi ne babban abin takaici a duk tarihin nan, domin an sa mutane sun saki al'adar da take kare su, ba a kuma ba su takardar da za ta maye gurbinta ba.

A wannan zamani ne gwamnati da kanta ta zama mai ba da haya a bakin kogi. Wata doka ta daban ta 1960 ta riga ta ce filayen noma da hukuma ta gyara da kuɗinta suna ƙarƙashin ikonta. A 1978 aka kafa ONAHA don kula da filayen ban-ruwa, bayan wani taro da aka yi a Damagaram a 1982 kuma aka miƙa tafiyar da su ga ƙungiyoyin manoma. Yankin Gaya yana da irin waɗannan filaye. Manomi yana samun yanki ƙarami, galibi daga kwata zuwa rabin hekta. Injin yana ɗebo ruwa daga kogi, magudana tana kawo shi bakin fanginsa, shi kuma bayan kowane girbi yana biyan kuɗin ruwa da gyara, sau da yawa da buhunan shanshera. Ba shi da ikon sayarwa, in bashi ya taru kuma ƙungiya tana iya ƙwacewa ta ba wani. Abin da ya fi ciwo shi ne a wurare da yawa fadamar kakanninsa ce aka gyara, ya koma ɗan haya a kanta. Wannan shi ne abin da ya fi kusa da gidan hayar gwamnati a karkarar Nijar, da amfaninsa da fargabarsa.

Ko giginya ba ta tsira ba. Kurmin giginyar yankin Gaya, inda ake samun azarar da ta rufe ɗakuna da yawa a ƙasar, yana cikin itatuwan da dokar gandun daji ta 1974 ta kare, har mai gona ba ya sare wadda ta tsiro a gonarsa sai da izini. Sai a shekarun 1990 aka fara mayar wa ƙauyuka ikon kula da ita da cin moriyarta.

Birane: gida ga mai albashi

A birni labarin gajere ne, domin abin da aka gina kaɗan ne. Nijar ta kafa kamfanin SONUCI a 1962 don yanka filaye da gina gidaje, amma mai albashi ne yake iya shiga, tunda daga albashi ake cire kuɗin. A ƙarshen shekarun 1990 da farkon na 2000, da bashin albashi ya yi wa gwamnati yawa, har filaye ta raba wa ma'aikata a madadin kuɗinsu. Dokar haya ta Afrilu 1996 ta tsara abin da ke tsakanin mai gida da ɗan haya, sai dai yawancin haya da baki ake ƙulla ta, kuma wanda aka ce ya kwashe kayansa ƙarshen wata bai cika zuwa kotu ba. Bankin gidaje ya buɗe a 2018, shi ma yana neman takardar albashi ko ta fili.

Najeriya ta yi dokar amfani da ƙasa a Maris 1978, wadda ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamnanta. Shehu Shagari ya zo a 1979 da shirin gina gida 40,000 kowace shekara, 2,000 a kowace jiha. Abin da aka gama bai kai ko kusa da alkawari ba, wasu rukunan kuma an kafa su nesa da gari inda babu ruwa babu hanya, amma unguwannin da ake kira Shagari suna nan a garuruwan Arewa. Daga 2003 gwamnatin tarayya ta juya ga sayar da gidajenta. Ɗan haya a Birnin Kabi ko Sakkwato yau yana hannun mai gida ne, wanda yake neman kuɗin shekara guda a dunƙule.

Ko Ingila, wadda ƙananan hukumominta suka fara gina gidajen haya da yawa bayan dokar 1919, sai a 1980 ta rubuta a doka cewa ɗan hayarsu yana da zama na dindindin muddin bai karya sharaɗi ba. A 2011 ta ba da damar haya mai wa'adi, galibi shekara biyar, a 2016 ta nemi ta tilasta shi, a 2018 ta janye. Hujjar masu wa'adi ita ce gidaje sun yi kaɗan, masu jira suna da yawa. Hujjar masu adawa kuwa manomin Tunuga zai gane ta nan take: wanda bai san ko zai kai badi ba, ba ya gyara wuri.

1993 zuwa yau

Tun 1986 aka kafa kwamitin tsara dokar karkara a Nijar. Jin labarinsa kaɗai ya ƙara zafin rigingimu, kowa yana son ranar rubutu ta same shi a cikin gona. Kisan Toda kusa da Maradi a Oktoba 1991, inda mutum fiye da 100 suka mutu a rikicin manoma da makiyaya, ya nuna inda abin zai kai in aka bar shi. Ranar 2 ga Maris 1993 dokar ta fito. Babban abin da ta yi shi ne ta daidaita mallakar al'ada da mallakar takarda, wato gadon da jama'a suka shaida ya zama hujja a gaban hukuma. Ta kuma kafa kwamitocin filaye, waɗanda ake kira kofo, a matakin gunduma, daga baya aka kai su har ƙauye. Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, Tunuga ta zama komin, wato ƙaramar hukuma mai majalisarta, aikin filaye ya ƙara matsowa kusa da jama'a.

Dokar ta fi amfanar wanda zai iya cewa kakansa ne ya sara. Wanda ya shiga gona da aro a 1960, ya daina kai dame a 1975, yau jikokinsa suna ciki, ba ta yanke masa magana ƙarara ba, ta bar shi ga shaidar dattawa da sulhun sarki. Mata ma, waɗanda shari'a ta ba rabon gado, sau da yawa gonar tana zama a hannun 'yan'uwansu maza, su kuma a ba su gefe su noma da sunan aro a gidan ubansu. A halin nan kuwa mutane sun ninka, dajin sara ya ƙare, gona ta zama abin sayarwa da jingina. Kasuwancin Gaya, da gadar Malanbil ta 1958 ta raya, ya sa attajirai suna sayen fadama don lambu da rake. Ambaliyar kogi, irin ta 2012 da ta 2020, tana ta da ƙauyuka zuwa tudu, tudun kuma gonar wani ce, sai a sake komawa kan tambayar farko: an ba su ne, ko an ara musu?

A cikin takardun da kofo take bayarwa akwai shaidar mallakar gado, ta saye da ta kyauta, akwai kuma takardar aro, ta haya da ta jingina. Waɗannan ukun na ƙarshe su ne ba a cika nema ba, alhali su ne suka fi dacewa da ciwon. Takardar aro tana ɗauke da sunan mai ƙasa, don haka ba ya tsoron wata rana a ce gonar ta fita hannunsa. Tana iya ɗaukar wa'adi, don haka mai aro ya san shekara nawa gare shi, ya san ko zai kai taki. Ana iya rubuta maganar itace a ciki, wa zai dasa, wa zai ci, me za a biya in aka rabu. Mai gari yana sa hannu, shaidu suna sa hannu, a ajiye kwafi a komin. A filayen ban-ruwa ma aikin madatsar ruwa ta Kandaji ya tilasta wa hukuma ta fara maganar haya mai dogon zango da ake iya gada ga waɗanda aka karɓi ƙasarsu, da rubutacciyar yarjejeniya ga sauran manoma. Babban taron ƙasa kan filayen karkara na Fabrairu 2018 da manufar da gwamnati ta amince da ita a Satumba 2021 sun sake jaddada kare masu ƙaramin ƙarfi, da mata da matasa. Abin da ya rage shi ne kofon ƙauye ya samu rajista da fom da sakataren da ya iya cika su, kuma masu ƙasa na Tunuga da Gaya su yarda su rubuta aro na shekara biyar ko goma maimakon na damina ɗaya.